Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ina Sunan Vucetic Ya Samo Asali?



TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, manomi, mai kuma sayar da hatsi ran kasuwa. Ya ce ranar da ya je a ɗauki zanen yatsunsa domin katin zaɓe, sai ɗansa da ke makarantar sakandare ya ce masa ai wani mutumin ƙasar Kuroshiya ne, wai shi Vucetic, ya ƙago wannan dabara. Shi kuwa bai san Kuroshiya da komai ba sai ƙwallo, kuma ya lura yawancin 'yan wasansu da "ic" sunansu yake ƙarewa. Saboda haka yake so a gaya masa asalin sunan nan, da ma'anarsa, da kuma ko masu shi suna da yawa.

AMSA: To, malam, mun gode da wannan tambaya. Ɗanka ya faɗi rabin gaskiya, sauran rabin kuwa za mu gyara masa in mun iso wurin. Sai ka gyara zama.

Da farko dai, Kuroshiya ƙaramar ƙasa ce a kudu maso gabashin Turai, tana fuskantar Italiya, tekun Adriyatik na tsakaninsu. Babban birninta shi ne Zagreb. Da can tana cikin tarayyar Yugoslabiya, sai a 1991 ta ɓalle, aka yi ta gwabza yaƙi har 1995. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta wajen miliyan 3 da dubu 870 ne, ka ga ke nan Jihar Kano kaɗai ta ninka ta fiye da sau biyu. Game da ƙwallon da ka ambata kuwa, ba ka manta ba, a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha sun ci Nijeriya 2 da nema ranar 16 ga Yuni, bayan kwana 10 kuma Ajantina ta ci ta 2 da 1. To, ka riƙe sunan ƙasashen nan biyu, domin mutumin da ka yi tambaya a kansa a ta farko aka haife shi, a ta biyu aka binne shi.

Su a rubutunsu suna ɗora 'yar alama a kan harafin c, su rubuta Vučetić. Sautin kuwa kusan daidai yake da c ɗinmu ta Hausa, irin ta cikin ciniki da cokali. Don haka Bahaushe ya fi ɗan Ingila sauƙin faɗin sunan nan, ka karanta Vu-ce-tic yadda ka gan shi, shi ke nan. Harafin farko ne kawai babu a bakinmu, yana tsakanin b da f.

Shi "ic" ɗin nan da ka ji yana ta maimaituwa, ma'anarsa ƙaramin wane, watau ɗan wane, kamar yadda muke cewa Ɗanfodiyo. Markovic ɗan Marko ne, Petrovic ɗan Petar, Kovacevic kuwa ɗan maƙeri, don kovac a harshensu maƙeri ne. Bambancinmu da su shi ne, mu sunan yana tafiya ne da zamani. Musa Garba ya haifi Sani, yaro ya zama Sani Musa, Garba ya faɗi a hanya. Su kuwa an yi wani lokaci da sunan ya daskare a kan kaka guda, tun daga nan jikoki da tattaɓa kunne suke ta gadonsa kamar gona, ko da shekara 400 ta wuce ba a sake hura zuga a gidan ba.

Yaya aka yi ya daskare? Tun wajen ƙarni na 12 manyan gidajen biranen bakin teku irin su Zadar da Split suka fara riƙe sunan dangi, don a san mai gadon fili da jirgi. Talakan ƙauye kuwa bai damu ba, kowa ya san kowa. Sai aka yi babban taron cocin Katolika a garin Trento na Italiya daga 1545 zuwa 1563, aka umurci kowane limamin coci ya ajiye kundin rubuta jariran da aka yi wa baftisma da auren da aka ɗaura. Sunan da ya shiga kundi kuwa ba ya goguwa. Daga baya, a 1780, Sarki Joseph na Biyu na Ostiriya ya kafa doka cewa a ƙasashen da ke hannunsa dole kowane gida ya riƙe suna guda na dindindin. Ka san hukuma, mai karɓar haraji da mai ɗibar soja ba sa son a ce musu akwai Ivan goma a ƙauye ɗaya.

Da aka zo riƙe suna, kowa abin da aka san shi da shi aka liƙa masa. Wasu sunan uba, wasu na uwa ko kaka mace, kamar Maric ɗan Mara da Babic ɗan tsohuwa. Wasu sana'a, kamar Loncar maginin tukwane, da Ribar masunci, da Mlinar mai niƙa. Wasu laƙabi, kamar Novak, watau sabon zuwa, irin Baƙo namu, ko Cosic, wanda gemu ya ƙi fito masa. Wasu kuma asali, kamar Bosnjak mutumin Bosniya.

To, shi Vucetic fa? Tushensa kalmar vuk ce, watau kyarkecin Turai. Dabba ce mai kama da kare amma ta fi shi girma da ƙarfin muƙamuƙi, tana farauta garke-garke a cikin duwatsu, kuma ita ce babbar abokiyar gabar makiyayan tumakin ƙasar, kamar yadda kura take a wurinmu. Akwai ta a duwatsun Lika da bayan Dalmashiya, tun 1995 kuma doka ta hana kashe ta barkatai. Daga Vuk aka sami Vuceta, kamar yadda mu ke juya Abubakar ya koma Bukar ko Garba. Da aka ƙara "ic" sai ya zama Vucetic, zuriyar Vuceta, ko ka ce jikokin Kyarkeci.

Nan ne, malam, za ka tambaya, wane uba ne zai dubi jaririnsa ya raɗa masa sunan dabbar da ke cinye masa tumaki? Amsar tana cikin gidanka. Ka tuna matar da ake ce wa mai wabi, wadda duk ɗan da ta haifa ba ya daɗewa. In ta sake haihuwa sai ka ji ana kiran yaron Ajuji, ko Ayashe, ko Bawa, ko Barmani, a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko a roƙa a bar mata wannan. To, mutanen waɗancan duwatsu ma sun sha wannan ɗacin. A zamanin da babu asibiti babu rigakafi, sun camfa cewa mayu ne ke cinye musu jarirai, sai suka ce bari mu kira yaro Kyarkeci, mu ga mayyar da za ta tunkari kyarkeci.

Ba ƙirƙira ba ce wannan. Akwai wani mashahurin masanin harshe na ƙasar Sabiya, maƙwabciyarsu, mai suna Vuk Karadzic, wanda aka haifa a 1787. Iyayensa sun binne 'ya'ya kafin shi, shi ya sa suka sa masa Vuk, kuma shi da kansa ya bayyana wannan al'ada a cikin ƙamus ɗin da ya wallafa. Suna da wasu sunayen ma irin wannan. Akwai Prodan, watau wanda aka sayar, don a nuna yaron ba na gidan ba ne. Akwai Stojan, watau tsaya kada ka tafi, da Zivko, watau ka rayu. Duk sun zama sunayen dangi. Ka ga ashe tsakanin uwar da ke kan dutsen Turai da uwar da ke ƙauyenku, harshe ne ya bambanta, fargabar ɗaya ce.

Bayan taron Trento, limaman Katolika suka matsa a riƙa sa wa yara sunayen waliyyan addininsu, irin su Ivan da Petar da Marko. A hankali sunaye irin su Vuceta suka ja baya a wurin raɗin suna, amma suka maƙale a sunan dangi. Saboda haka duk inda ka ga Vucetic, ka san can baya an yi wani gida da aka ji tsoron rasa yaro, kuma yaron ya rayu, ya yi aure, ya bar baya. Da bai rayu ba da babu sunan.

Sai batun yawa. Sunan da ya fi kowane yawa a Kuroshiya shi ne Horvat, wanda ƙidayar 2011 ta nuna sama da mutum dubu 20 ke amsa shi. Ma'anarsa kuwa ɗan Kuroshiya. Kada ka yi mamaki, ai ba a kiran mutum Bakano a cikin Kano, sai ya je Kumasi. A ƙarni na 16, da rundunonin Turkawa suka matso, mutane suka yi ta gudu arewa, waɗanda suka tarar a can suka riƙa ce musu Horvat. Shi ya sa sunan ya cika ƙasashen Hangare da Sulobakiya. Mai bi masa shi ne Kovacevic da wajen dubu 15, don babu ƙauyen da zai zauna ba maƙeri. Sai Babic da Maric da sauransu. A cikin goman farko akwai Vukovic, wanda shi ma daga kyarkecin ya fito. Amma Vucetic ba ya ciki, ƙaramin reshe ne a bishiya mai rassa da yawa, irin su Vukelic da Vukic da Vuckovic. Ana samun masu shi jefi-jefi a Kuroshiya, da Sabiya, da Bosniya, da Montenegro.

Abu uku ke sa sunan dangi ya yi ƙaranci. Na ɗaya, a al'adarsu 'ya'ya sunan uba suke ɗauka, mace kuma in ta yi aure ta koma na mijinta, don haka gidan da ya haifi mata zalla sunansa ya tsaya nan. Na biyu, alƙalamin magatakarda. Birnin Venice na Italiya ya mallaki gaɓar Dalmashiya ɗaruruwan shekaru, malaman ofishinsa kuwa da ƙa'idar Italiyanci suke rubutu, sai "ic" ya koma "ich", suna ɗaya ya rabu biyu. Na uku shi ne ƙaura, kuma ita ce babba. A 1891 Ostiriya ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da Italiya wadda ta buɗe ƙofa ga giyar inabi mai araha daga can, farashin amfanin gonar manoman Dalmashiya ya faɗi warwas. Ba su farfaɗo ba sai ga wani ƙwaro mai cin saiwar inabi ya shigo a 1894, ya bi gonaki yana busarwa. Kai manomi ne, ka san abin da ke biyo bayan faɗuwar farashi da annoba a jere. Samari suka yi ta hawa jirgin ruwa zuwa Amurka, da Cile, da Ajantina, da Ostireliya, suka tafi da sunayensu. A zamaninmu ma, daga ƙidayar 1991 zuwa ta 2021 ƙasar ta ragu da mutum wajen dubu 900.

Yanzu sai mu zo kan mutumin naka. An haifi Ivan Vucetic ranar 20 ga Yuli 1858 a tsibirin Hvar da ke cikin tekun Adriyatik, lokacin yana ƙarƙashin Ostiriya. Tsibiri ne na masunta da manoman inabi da zaitun, mutanensa ba su wuce wajen dubu 11 ba a ƙidayar 2011. Mahaifinsa masassaƙi ne mai haɗa gangunan katako da ake zuba amfanin gona da kifi, shi ma ya koyi sana'ar. Mahaifiyarsa 'yar gidan Kovacevic ce, ka ga jikan Kyarkeci ta wajen uba, jikan maƙera ta wajen uwa. Yana da shekara ashirin da 'yan kai, tun kafin annobar inabin ta iso, ya haye teku zuwa Ajantina neman abinci. Can suka mai da Ivan ya koma Juan, suka rubuta Vucetich. A 1888 ya sami aiki da 'yan sandan lardin Buenos Aires a garin La Plata, yana malamin lissafi a ofis.

A zamanin, babbar matsalar 'yan sanda ita ce suna. Baƙi na ta kwararowa daga Turai, ba wanda ya san uban wani. Ɓarawo ya yi sata yau da suna kaza, gobe a kama shi ya ba da wani. Dabarar da ake yayi ita ce ta wani Bafaranshe, Alphonse Bertillon, a auna tsawon kai da hannu da ƙafa a rubuta. Amma in ma'aikata biyu suka auna mutum ɗaya, ba lalle awonsu ya zo daidai ba. A 1891 aka ba Vucetic wata mujalla mai bayanin binciken wani ɗan Ingila, Francis Galton, wanda ya nuna cewa zanen da ke kan yatsa ba ya sakewa daga haihuwa har mutuwa. Sai ya duƙufa a kai. Ranar 1 ga Satumba 1891 ya ɗauki zanen yatsu goma-goma na fursunoni 23 ya ajiye. Daga baya ya kasa zanen gida 4, mai kama da baka, da mai lanƙwasa ciki, da mai lanƙwasa waje, da mai zagaye kamar faifai. Dubi babban yatsanka yanzu, za ka ga ɗaya daga ciki. Da wannan tsari za a iya zaƙulo takardar mutum ɗaya daga cikin dubbai ba tare da an tambaye shi sunansa ba.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin abin. A watan Yuni 1892, a garin Necochea, aka tarar da yara biyu, namiji ɗan shekara 6 da mace 'yar shekara 4, an yanka su a ɗaki. Uwarsu, Francisca Rojas, ita ma da rauni a wuya. Ta ce wani maƙwabcinsu ne, Velazquez, ya aikata. Aka kama bawan Allah, aka yi masa dukan kawo wuƙa, ya dage bai san komai ba. Wa zai gaskata shi ya ƙaryata uwar da ke kukan 'ya'yanta? Sai aka turo wani sufeto daga La Plata, Eduardo Alvarez, wanda ya san aikin Vucetic. Ya duba ɗakin, ya ga tabon jini mai shatar yatsa a jikin ƙofa. Ya sa aka yanke katakon wurin, ya shafa wa matar tawada ta dangwala a takarda, ya gwada. Babban yatsanta ne. Da aka nuna mata sai ta amsa laifinta, aka yanke mata ɗaurin rai da rai, aka sallami maƙwabcin. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan ita ce shari'ar kisan kai ta farko a duniya da zanen yatsa ya warware, kuma abin lura, kafin ya kama mai laifi sai da ya ceci marar laifi.

To, ga gyaran da muka yi wa ɗanka alkawari. Ba Vucetic kaɗai ya ƙago dabarar ba. A 1858, shekarar da aka haife shi, wani jami'in mulkin mallaka a Indiya, William Herschel, ya riga ya sa ɗan kwangila ya dangwala tafin hannu a takardar yarjejeniya. A 1880 wani likita, Henry Faulds, da ke aiki a Japan ya rubuta cewa za a iya kama mai laifi ta wannan hanya. A birnin Kalkata kuma, Edward Henry da ma'aikatansa biyu 'yan Indiya, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, suka tsara nasu tsarin, wanda 'yan sandan Landan suka ɗauka a 1901, ya bazu a ƙasashen renon Ingila. Tsarin Vucetic kuwa ya fi yaɗuwa a Kudancin Amurka, musamman bayan littafin da ya wallafa a 1904. Abin da ba mai ƙwace masa shi ne, ofishinsa ne ya fara ajiye zanen yatsu domin aikin 'yan sanda, kuma a wajensu aka fara cin shari'a da shi.

Ya rasu ranar 25 ga Janairu 1925 a garin Dolores na Ajantina. An sa wa makarantar horar da 'yan sandan lardin Buenos Aires sunansa, haka ma cibiyar binciken laifuffuka ta 'yan sandan Kuroshiya a Zagreb. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a sha'anin suna ba haka abin yake ba. Ga Horvat dubu 20, amma yau daga wani ƙauye a ƙasar Hausa ɗan masassaƙin ganga ake tambaya.

Abu ɗaya kuma ya kamata ka sani. Masu amsa Vucetic ba addininsu ɗaya ba, ba kuma ƙabilarsu ɗaya ba. Akwai Kuroshiyawa 'yan Katolika, akwai Sabiyawa da mutanen Montenegro 'yan cocin Otodoks. Sunan ya girmi rabuwar da ta kai ƙasashen ga yaƙin 1991 zuwa 1995. Suna yana gaya maka gidan da mutum ya fito, amma ba ya gaya maka abin da hannunsa ya aikata, maƙwabcin nan na Necochea shaida ne.

Saboda haka, malam, in ka sake ɗora yatsa a kan na'ura, a rumfar zaɓe ko a banki, ka tuna da jikan Kyarkeci. In kuma ka koma gida, ka sa ɗan nan naka ya ɗauki takarda da biro ya zauna gaban tsofaffin gidanku, ya tambaye su dalilin da ya sa ake kiran kakanku da sunan da ake kiransa. Su Turawan kundin coci ya ajiye musu nasu. Mu namu yana bakin tsofaffi, ranar da suka kau kuwa sai ya bi su.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sauran waɗanda wasiƙunsu suka iso ba su ji amsa ba, a ƙara haƙuri, layi ake bi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a yi noma lafiya, a ci kasuwa lafiya.